Toko, kateta ko lantarkin mahaifa: wacce na'ura ta fi dacewa da ƙirga naƙuda?

Duk ɗakin haihuwar da mace ta shiga naƙuda, akwai tambayar da ake so a amsa duk bayan rabin awa: sau nawa cikin ya ɗaure a minti goma, kuma kowace ɗaurewa daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta saki? Takardar kula da naƙuda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, wadda ta gaji tsohon fatograf, ta shata iyaka a fili. Idan ɗaurewar biyu ce ko ƙasa da haka a minti goma, ko ta haura biyar, ko tana saki kafin daƙiƙa 20, ko tana zarce daƙiƙa 60, to matar na bukatar a duba ta da kyau. Yadda aka saba samun amsar shi ne ungozoma ta zauna bakin gado, ta ɗora tafin hannunta a saman ciki, idonta a kan agogo, minti goma cur. To a lissafa: ungozoma ɗaya, mata shida, cikin dare. Kafin ta zagaye su awa guda ta wuce, alhali kowacce ana so a duba ta sau biyu a wannan awar, ga shi ba ta karɓi haihuwa ba, ba ta rubuta komai ba. Wannan ne ya sa ake neman na'urar da za ta gane ɗaurewar mahaifa da kanta, ta ƙirga, ta yi ƙara idan abin ya fita daga ƙa'ida.

Kowace irin wannan na'ura tana da sashe biyu. Akwai abin da ke taɓa jikin mace ya ɗauko sigina, akwai kuma lissafin da ke tace siginar ya yanke hukunci cewa nan ɗaurewa ta fara, nan ta kai ƙololuwa, nan ta ƙare. Masu tallan kaya sun fi son maganar sashe na biyu, domin a nan ake kawo zancen manhaja mai basira. Ni kuwa a ganina mai saye ya fara da na farko, saboda lissafi komai ƙwarewarsa ba zai fito da abin da ba a ɗauko daga jiki ba. Hanyoyin ɗaukowar uku ne, kuma kowacce abin da take aunawa daban ne.

Toko, wadda kowa ya sani

Ita ce 'yar faifan nan da ake ɗaurawa da bel a saman ciki, abokiyar wadda ke jin bugun zuciyar jariri a na'urar CTG, wato na'urar da ke zana bugun zuciyar jariri da ɗaurewar mahaifa a kan takarda. A tsakiyarta akwai maɓalli mai jin matsi. Idan mahaifa ta ɗaure ta yi tauri ta turo gaba, sai ta danna maɓallin, layi ya hau a kan takarda. Tsarin ya daɗe. C. N. Smyth ya bayyana irin mai zoben kariya a Ingila a 1957, sannan a 1968 kamfanin Hewlett-Packard tare da likitan Jamus Konrad Hammacher suka fito da na'urar CTG ta farko da aka kai kasuwa. Har yau ita ce a akasarin asibitocin duniya.

Lissafin gane ɗaurewa daga toko ba shi da wuyar fahimta. Na'ura tana karanta matsin kamar sau huɗu a daƙiƙa. Da farko ana goge ƙananan hawa da saukar da numfashi ke jawowa, tunda ciki na motsi da kowane shaƙa. Daga nan a nemo matakin hutu, wato inda layin yake zama idan mahaifa ta saki. Wannan matakin ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka ake sake lissafa shi a kai a kai daga mintunan da suka gabata. Sai a sa sharaɗi biyu: layin ya haura matakin hutu da wani adadi, kuma ya zauna a sama na tsawon lokaci, galibi daƙiƙa 30 ko kusa da haka. Tari da atishawa da harbin jariri suna ɗaga layi sosai, amma daƙiƙa biyu zuwa uku sun sauka, don haka sharaɗin lokaci ke kore su. Idan tudu biyu suka zo manne da juna, sai a duba zurfin kwarin da ke tsakaninsu a yanke ko ɗaurewa ɗaya ce ko biyu.

A kan mace mara ƙiba wadda ta kwanta ta natsu, wannan yana aiki lafiya ƙalau. Sai dai naƙuda ba a san ta da natsuwa ba. Ga mace tana juyi, ta koma gefen hagu kamar yadda aka umarce ta, bel ya zame ya gangaro ƙasan cibiya. Layi ya miƙe ɗoɗar a kan takarda. Ita kuwa ta damƙe ƙarfen gado tana salati, tana cewa, "Sista, wallahi ya taso, bayana zai ɓalle." Ungozoma ta zo ta ɗora hannu ta ji ciki ya yi tauri, ta ce, "Sannu Hajiya, yi haƙuri in gyara miki bel ɗin." Da an mayar da faifan saman ciki an ƙara ja, sai ga tuddai sun dawo. Duk ɗaurewar da aka yi a wannan tsakani, a wurin manhaja ba a yi ta ba.

Haka abin yake ga mace mai jiki, ko da bel bai zame ba. Kitsen ciki yana shanye turin kafin ya isa maɓalli. Haka kuma cikin da bai kai wata bakwai ba, mahaifar ba ta girma yadda za ta danna faifan sosai.

Akwai kuma kuskuren da na ga ya kamata a yi ta nanatawa a kansa. Lambar da toko ke nunawa a fuskar na'ura, 40 ko 80, ba ƙarfin naƙuda ba ce. A ƙara tamke bel lambar ta hau, a sassauta ta sauka, mahaifar kuwa tana nan yadda take. Toko tana faɗin lokacin da ɗaurewa ta zo da yawanta, sai kimanin tsawonta. Iyakarta ke nan. Haɗarin yana wajen macen da aka ɗaura wa ruwan naƙuda. Idan aka ga layi ƙasa-ƙasa aka ce naƙuda ba ta da ƙarfi aka ƙara gudun oksitosin, maganin da ke cikin ruwan, alhali bel ne ya saki, ana iya kai mahaifa ga ɗaurewa babu hutu. Jini yana isa ga jariri sosai ne a lokacin da mahaifa ta saki, don haka idan hutun ya gajarta iskarsa na raguwa. Ga macen da ta haihu da yawa ko aka taɓa yi mata aiki, ƙarshen wannan hanya na iya zama fashewar mahaifa, abin da asibitocinmu na Arewa suka sani sarai.

Kateta a cikin mahaifa

Wannan ita kaɗai ce ke auna ƙarfi na gaskiya. Siririn bututu ne mai abin jin matsi, ana zura shi ta bakin mahaifa ya zauna gefen jariri, ya riƙa ba da matsi da ma'aunin milimitar makuri, irin na awon jini. Asalin ilimin daga Montevideo ne, babban birnin Yurugai, inda Hermógenes Alvarez da Roberto Caldeyro-Barcia suka yi aikin auna matsin cikin mahaifa tun ƙarshen shekarun 1940. Ma'aunin da ake amfani da shi har yau sunan birnin yake ɗauke da shi. A cire matakin hutu daga ƙololuwar kowace ɗaurewa, a tara na minti goma. Ɗaurewa huɗu masu 50 da 55 da 60 da 45 sun ba da 210, kuma daga 200 zuwa sama ake ɗauka naƙuda ta wadatar.

Ga mai rubuta manhaja, babu siginar da ta kai wannan tsafta. Shi ya sa duk sabuwar na'ura da ita ake gwada ta. Amma sai faya ta fashe, bakin mahaifa ya buɗe, sannan a iya sa ta, ke nan ba ta da amfani a awon ciki ko ga cikin da ake tsoron zai zo bakwaini. Ba a sa ta idan mabiyiya ta tare hanya, kuma ana kauce mata idan akwai ciwon da ake gudun ya kama jariri. Tana iya shigar da ƙwayar cuta, wani lokaci ma, ko da yake ba kasafai ba, ta taɓa mabiyiya a yi zubar jini. Sau ɗaya ake amfani da ita a yar.

Abin da ya fi rage mata daraja shi ne gwajin da aka yi a Holan, wanda Bakker da abokan aikinta suka wallafa a 2010. Mata 1,456 da aka tayar musu da naƙuda ko aka ƙara musu ita aka raba biyu, rabi da kateta, rabi da toko. Ba a ga bambanci ba wajen yawan waɗanda aka yi wa aiki ko aka jawo musu jariri, ba a kuma gani ba a lafiyar jariran. Tunda a ƙasar da take da ma'aikata da kayan haifuwa isassu ma ba ta sauya sakamako ba, ban ga dalilin da ƙaramin asibiti zai sa kuɗinsa a kanta ba. Gurbinta shi ne babban asibiti, ga mace ɗaiɗai wadda aka kasa samun komai daga wajen cikinta kuma ake ba ta oksitosin.

Lantarkin mahaifa

A nan ne maganar ta fi faɗi, kuma a nan ne sarrafa sigina ke nuna amfaninsa. Mahaifa tsoka ce, kuma kamar zuciya, kafin ta ɗaure sai ƙwayoyinta sun saki 'yar wutar lantarki. Idan aka manna 'yan faifan lantarki a fatar ciki, irin waɗanda ake mannawa a ƙirji wajen awon zuciya, za a iya ɗauko wannan wutar. Ana kiran hanyar EHG a taƙaice. Tunanin tsoho ne, domin tun 1931 wani likita a Jamus mai suna Bode ya ɗauki irin wannan sigina. Abin da ya hana ta yaɗuwa a lokacin shi ne ƙanƙantar wutar, wadda da ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ake maganarta, ga kuma hayaniyar sauran jiki da ta lulluɓe ta. Sai da kwamfuta ta yi araha sannan aka iya raba su. Catherine Marque a Compiègne ta Faransa da Robert Garfield a Amurka suna cikin waɗanda suka daɗe a kan aikin. Garfield ne tare da abokan aikinsa suka nuna a 1977 cewa dab da haihuwa ƙofofin da ke haɗa ƙwayoyin tsokar mahaifa suna ƙaruwa, ta yadda wutar ke ratsawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, mahaifa ta ɗaure gaba ɗaya maimakon nan da can.

Abin da faifan ke ɗaukowa cakuɗe ne: bugun zuciyar uwa, na jariri, numfashi, tsokar bangon ciki idan ta yi nishi ko ta juya, wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, sai ta mahaifa a can ƙasa. Abin da ya taimaka shi ne kowannensu da saurin kaɗawarsa. Numfashi yana kaiwa sau 12 zuwa 20 a minti, wato bai wuce sulusin kaɗawa ɗaya a daƙiƙa ba. Zuciyar uwa daga sau 60 a minti take farawa, wato ɗaya a daƙiƙa zuwa sama. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan fili, kuma kaso mai yawa na wutar mahaifa a cikinsa yake. Don haka masu bincike da yawa ke tace siginar su riƙe abin da ke tsakanin 0.34 da 1 a daƙiƙa kawai. Kamar tankaɗe ne da rariya biyu, ɗaya ta tare tsaki, ɗaya ta zubar da gari, a riƙe na tsakiya.

Abin da ya rage bayan tacewa ba ya kama da tudun da ungozoma ta saba gani. Layi ne shiru, sai ya ɓarke da karkarwa na kusan minti guda, ya sake yin shiru. Don a mayar da shi tudu, ana ɗaukar 'yar taga ta wasu daƙiƙu, a lissafa matsakaicin ƙarfin karkarwar da ke cikinta, a matsa gaba kaɗan a sake. Sakamakon layi ne mai hawa da sauka irin na toko, kuma daga nan sharuɗɗan nan biyu na tsayi da tsawon lokaci suke sake aiki. Idan faifan suna da yawa akwai ƙarin dabara mai kyau. Ɗaurewa ta gaskiya tana bayyana a faifai da dama kusan lokaci guda, da siffa mai kama da juna, yayin da faifan da ya ɗago daga fata shi kaɗai yake hauka. Manhaja na duba yadda faifan suka yarda da juna kafin ta ƙirga.

Fa'idar farko a fili take. Babu bel, don haka babu zamewa, kuma mace na iya tashi ta zagaya, ta durƙusa, ta kwanta ta gefen da ta ga dama. Ta biyu ta fi muhimmanci: kitse yana rage wutar amma ba ya kashe ta yadda yake kashe turin toko. A Jami'ar Florida, Tammy Euliano da abokan aikinta sun haɗa hanyoyin uku a jikin mata masu naƙuda lokaci guda, suka wallafa a 2013 cewa EHG ta fi toko dacewa da abin da kateta ta nuna, kuma toko ta fi gazawa a kan masu ƙiba. Hanyar ta riga ta fita daga ɗakin bincike. Kamfanin Monica Healthcare na Nottingham ya yi faifan mannawa mara waya mai ɗauko zuciyar uwa da ta jariri da ɗaurewar mahaifa a haɗe, kuma kamfanin GE na Amurka ya saye shi a 2017. A Holan ma kamfanin Nemo Healthcare ya yi irinsa.

Aibinta kuwa kishiyar na toko ne. Toko tana rasa ɗaurewar da aka yi, EHG kuma takan ƙirga wadda hannu da kateta ba su ɗauka komai ba. Mahaifa tana da ƙananan motsin da ba sa kaiwa ko'ina, kuma su ma da wutarsu. Yunƙuri, amai, ko juyi mai ƙarfi suna iya ratsa matatar su fito da tudun ƙarya. Illar ita ce na'ura ta ce ɗaurewa shida a minti goma alhali huɗu ce, a rage ruwan naƙuda ba gaira ba dalili, ko kuma ƙarar ta yi yawa har ma'aikata su daina kula ta. Sannan tsayin tudun EHG shi ma ba milimitar makuri ba ne. Ana ta ƙoƙarin ƙiyasta matsi daga wutar, amma har yanzu ba a yarda a maye gurbin kateta da ita wajen ƙarfi ba.

Akwai kuma abubuwan da takardar talla ba ta cika faɗa ba. Kafin a manna faifan sai an wanke fata an goge ta da 'yar takarda mai kaushi, in ba haka ba wutar ba ta wucewa. Matanmu suna shafa mai a ciki, man kaɗanya ko basilin ko man zaitun, kuma mai babban abokin gābar faifan ne. A hunturu fata ta bushe ta yi fari, a bazara gumi ya ɗaga gam. Faifan kuma na mace ɗaya ne, daga waje ake shigo da shi da kuɗin waje. Bel ɗin toko ana wanke shi a shanya a sake ɗaurawa. Asibitin da ya sayi na'urar EHG bai tanadi kuɗin faifai na shekara ba, ba da daɗewa ba za ta koma sito.

Wani abu ƙarami da ke da babban tasiri: tacewa da lissafin taga suna cin 'yan daƙiƙu, don haka dole na'ura ta daidaita layin ɗaurewa da layin zuciyar jariri. Likita yana bambanta saukar bugun da ba ta da haɗari da wadda ke nuna jariri ya galabaita ne ta hanyar duba ko ta zo tare da ƙololuwar ɗaurewa ko bayanta. Idan layukan biyu suka goce wa juna, fassarar ta goce. Mai saye ya tambayi wannan.

Lissafi mai sauƙi ko mai koyo

Yanzu ana yawan jin na'urorin da aka ce an horar da su da dubban misalai har suna gane ɗaurewa ba tare da an kafa musu sharaɗi ba. Wasu suna yin abin kirki, musamman wajen raba ɗaurewa da motsin jiki. Amma kafin a ruɗu da alƙaluma, a duba daga ina misalan suka fito. Rumbun bayanan da aka fi amfani da shi a binciken EHG na asibitin jami'a ne a Ljubljana ta Siloveniya, an tattara shi tsakanin 1997 da 2005, yana nan kyauta a shafin intanet na PhysioNet. Ɗauka 300 ne na rabin awa-rabin awa, 262 na matan da cikinsu ya kai, 38 kacal na waɗanda suka haifi bakwaini. Akwai na Aisland mai faifai 16, ɗauka 122 daga mata 45. Na toko kuma akwai na Brno a Jamhuriyar Cek mai ɗauka 552. Duka daga Turai suke, kuma ba su da yawa.

Saboda 38 ta yi kaɗan, masu bincike da dama sun riƙa ƙirƙiro kwafin misalan bakwaini don su cike giɓin, sannan su raba bayanan zuwa na horo da na jarrabawa. Sakamako ya riƙa fitowa kusan ɗari bisa ɗari. A 2021 Gilles Vandewiele da abokan aikinsa na Jami'ar Ghent a Beljiyam suka nuna inda aka yi tuntuɓe: kwafin misali ɗaya yana faɗawa ɓangaren horo, ɗan'uwansa a ɓangaren jarrabawa, ke nan na'urar ta ga amsa tun kafin a tambaye ta. Da aka gyara tsarin, alƙaluman suka faɗo ƙasa warwas. Ɗalibin injiniyan kayan asibiti da ke son yin aikin kammala karatu a wannan fanni, shawarata ya fara da tacewa da taga da sharaɗi, ya ga inda suke kuskure da idonsa, kafin ya taɓa lissafi mai koyo. Idan ya zo rabawa kuma ya raba da mata, kada ɗaukar mace ɗaya ta shiga ɓangarori biyu.

Ko da gane ɗaurewar ya inganta, wannan bai tabbatar da cewa jarirai za su fi tsira ba. Gwajin INFANT da aka wallafa a 2017 ya haɗa mata fiye da 46,000 a Birtaniya da Ayilan, inda aka kula da rabin matan da taimakon manhajar da ke fassara CTG tana yi wa ma'aikata gargaɗi. Lafiyar jarirai ba ta bambanta ba. Ƙarar na'ura ba ta da amfani sai akwai wanda zai taso, da abin da zai iya yi idan ya taso.

Maganar hasashen bakwaini kuwa, a yi hattara ƙwarai. An ƙiyasta jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin mako 37 a shekarar 2020, don haka duk wanda ya ce yana da na'urar da za ta faɗa tun da wuri zai samu masu saurare. A Amurka an gwada ba mata toko su tafi da ita gida su riƙa aiko da sakamako ta waya, kuma manyan gwaje-gwaje ba su nuna ta rage haihuwar bakwaini ba. Ciki yakan ɗaure ya saki tun watanni kafin haihuwa ba tare da bakin mahaifa ya motsa ba, kuma yawan ɗaurewar shi kaɗai ba ya bambance wadda za ta haihu da wadda ba za ta haihu ba. EHG tana da kyakkyawan fata a nan domin tana ganin yadda wutar ke yaɗuwa, amma har yanzu bincike ne. Mai cikin da ba ta kai wata tara ba, idan cikinta na ɗaurewa a jere, ko ta ga ruwa ko jini, asibiti za ta nufa, ko me wata na'ura ko manhajar waya ta ce.

To wacce za a saya?

Ga ƙaramar cibiyar lafiya da ba a yin tiyata, ba na ganin ko ɗaya cikin ukun ce ta farko a layi. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ba su goyi bayan ɗaura wa lafiyayyar mace mai naƙudar kanta CTG babu yankewa ba. Abin da suka ce shi ne a riƙa sauraron jariri lokaci-lokaci da dofla ta hannu, 'yar na'urar jin bugun zuciyarsa, ko ƙahon Pinard da ake karawa a ciki a saurara da kunne. Bitar gwaje-gwajen da aka yi ta nuna ɗaura CTG ɗin yana rage jijjigar jarirai sabbin haihuwa, amma yana ƙara yawan aiki, kuma bai rage mutuwarsu ba. Inda babu ɗakin tiyata, kuɗin ya fi amfani a dofla, agogon bango mai hannun daƙiƙa, fitilar sola, da man motar da za ta kai mace gaba.

Babban asibitin da ke ba da oksitosin ko misoprostol, magungunan tayar da naƙuda, kuma yake da likitan tiyata, toko ce ta dace da shi, da sharaɗin a koya wa kowa cewa miƙaƙƙen layi ba hujjar ƙara ruwa ba ce sai an ɗora hannu. A zaɓi mai batir a ciki, mai ajiye bayani a ƙwaƙwalwarta ko da takarda ta ƙare, wadda kuma za a samu faifanta da bel a kasuwar kayan asibiti ta kusa. Asibitin koyarwa da ke karɓar masu ciwon suga da masu ƙiba da waɗanda aka taɓa yi wa aiki, shi ne zai ci ribar ajiye EHG ɗaya ko biyu a gefe, don matan da toko ta gaza a kansu.

Ko wacce aka tsayar, a nemi mai kawo kaya ya bar ta a ɗakin haihuwa na ɗan lokaci kafin a biya. Da izinin matan, a gwada ta a kan siririya da mai jiki, mai kwance da mai juyi, da rana da kuma lokacin da aka koma kan janareta. Gogaggiyar ungozoma ta ɗora hannu na rabin awa tana rubuta lokacin da kowace ɗaurewa ta fara da lokacin da ta saki, ba tare da ta kalli fuskar na'urar ba. Bayan nan a jera takardun biyu, a ƙirga waɗanda na'ura ta tsallake daban, waɗanda ta ƙara daga kanta daban. A tuna hannu yakan makara wajen jin farkon ɗaurewa, don haka bambancin 'yan daƙiƙu a tsawo ba laifin na'ura ba ne. Idan kuwa ta tsallake ɗaurewa guda cikakkiya a kan macen da ke kan ruwan naƙuda, mai kawo kaya ya yi bayanin dalili kafin a sa hannu a takardar biya.